Maigidana na son ajiye bindiga a gefen gado, yana kuma son in zaɓi waɗanda ya zaɓa

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto maki ne daga Houston, a jihar Texas ta Amurka, inda nake zaune da maigidana da 'ya'yanmu uku: babban namiji ɗan shekara 13, mai bi masa mace 'yar shekara 8, sai autanmu ɗan shekara 3. Akwai kuma ɗan yayarsa da ya zo karatun jami'a, yana zaune tare da mu. Maigidana yana aikin dare a shagon wani gidan mai, ƙarshen mako kuma ya ɗauki fasinja da motarsa. Watannin baya wasu samari biyu suka shigo shagon da tsakar dare, ɗaya ya ɗora masa bindiga a ka, suka kwashe kuɗin da ke cikin durowa suka gudu. Allah ya tsare, ko ƙwarzane bai samu ba. Amma Anti, mutumin da ya dawo mani ba shi ne wanda ya fita ba. Ba ya barci, motsi kaɗan sai ya zabura, abu kaɗan sai ya hau yara da faɗa. Kafin wannan, 'yan bindiga sun taɓa ɗauke ƙaninsa a ƙauyensu can Katsina, sai da muka tattara ɗan abin da muka tara aka biya kuɗin fansa. Yanzu kullum maganarsa ɗaya, ba za a sake ci masa mutunci yana kallo ba.

Ya fara bin wani abokin aikinsa wurin koyon harbi, ya yi rajista da wata ƙungiyar masu kare 'yancin mallakar bindiga, yana raba dare yana kallon bidiyonsu. Ya ce zai sayi ƙaramar bindiga, ya riƙa ajiye ta da harsashi a ciki a durowar gefen gadonmu, in zai fita aiki kuma ya soke ta a ƙugu. Bara na samu takardar zama 'yar ƙasa, wannan ne zaɓen da zan fara yi. Ya kawo mani jerin sunayen 'yan takarar da ƙungiyar ta yarda da su, ya ce su za mu zaɓa baki ɗaya. Da na nuna ban gamsu ba, sai ya ce duk wanda ya zaɓi masu son taƙaita bindiga ya goyi bayan waɗanda suka ɗora masa ita a ka. Maganar nan ta yi mani ciwo. Ni ce 'yata ke dawowa daga makaranta tana ba wa labarin yadda ake koya masu su kashe fitila, su ɓuya a lungun aji, su yi shiru. Bai taɓa ɗaga mani hannu ba, mutumin kirki ne, ina son sa, ina kuma tausaya masa. Amma ina tsoron ƙarfen nan a ɗakin da autana ke shiga yana buɗe duk abin da hannunsa ya kai. In na ƙi, na zama mai saɓa wa miji ke nan? Ƙuri'ata fa, dole ne ta bi tasa?

Maman yara uku, Houston

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara tsare gaba, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya kawo mana ƙarshen abin da ke faruwa a gida. Bari in fara da tambayoyinki na ƙarshe don hankalinki ya kwanta. Matar da ta ce ba ta yarda a ajiye bindiga da harsashi a inda ɗanta mai shekara 3 ke kaiwa ba, ba ta saɓa wa miji ba. Amanar da Allah ya ɗora masu su biyu take tsarewa. Ƙuri'arki kuma taki ce. Sai dai in kika tunkare shi da waɗannan maganganu a yau, ƙarin faɗa kawai za ki samu, domin matsalar gidanku ba daga bindiga ta faro ba, ba kuma daga zaɓe ba. Daga mutumin da ya daina barci ta faro.

Ki duba abin da ya same shi. Sau biyu ana nuna masa cewa babu abin da zai iya. Na farko yana riƙe da waya a wata ƙasa mai nisa, ana cinikin ran ƙaninsa, shi kuma ba abin da ya rage masa sai roƙo da neman rance. Na biyu yana tsaye a bayan kanta, bakin bindiga a kansa, yaran da ya kusa haifa suna daka masa tsawa. Namijin da ya taso ana gaya masa shi ne garkuwar gida, irin wannan ba tsoro kaɗai yake bar masa ba, har da wata kunya da ba zai iya furtawa ba ko a gabanki. Da ya ce ba za a sake ci masa mutunci ba, ainihin abin da ke cin ransa ya faɗa. Shi ya sa duk lokacin da kika ce kina tsoron bindigar, abin da kunnensa ke ji shi ne kin raina abin da ya faru da shi. Maganar da ya yaɓa maki ba daidai ba ce, kuma wata rana ya kamata ya ba ki haƙuri a kanta, amma daga wannan miki ta fito, ba daga ƙiyayya ba.

Rashin barcin nan, da zabura, da saurin fushi, likitoci sun san su sarai. Alamomi ne da ke biyo bayan mummunar firgita, ana maganinsu, kuma mutane da yawa suna warwarewa. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Jiharku tana da asusun tallafa wa waɗanda aka yi wa fashi ko wani mugun laifi, a ƙarƙashin ofishin babban lauyan jiha, kuma yana iya biyan kuɗin ganin likitan da ke duba irin wannan larura. Ana buƙatar a ce an kai rahoto wurin 'yan sanda, a kuma nema kafin shekara 3 ta cika. Ki nemo lambar rahoton da aka ba shi a daren, ki cike masa takardun da kanki in ya yi nauyin jiki. Idan sunan likita kaɗai na ɓata masa rai, ki bi ta hannun limamin masallacinku ko wani dattijo daga cikin mutanenmu da yake jin nauyinsa. Amma kada a tsaya a nan. Nasiha da addu'a su raka shi zuwa wurin likita, kada su maye gurbinsa.

Ina nanata wannan ne saboda wani adadi da ba a cika kawowa a irin bidiyon da yake kallo ba. A shekarar 2021, hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 48,830 da suka mutu ta hanyar bindiga. Daga cikinsu 26,328 kansu suka harbe, wato fiye da rabi. Waɗanda wani ya kashe da gangan su 20,958 ne. Ban ce maigidanki zai yi wa kansa wani abu ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, bindigar da ke cikin gida ta fi kusa da mutanen gidan fiye da ɓarawo, kuma tana nan a ranar da zuciya ta yi baƙi kamar yadda take nan a ranar da komai ke lafiya. Ki kuma kawo wannan a ranki: ƙarfe biyu na dare, ya samu barci da ƙyar, sai ya ji an taɓa ƙofar falo. Ɗanku ne ya tashi shan ruwa, ko ɗan yayarsa ne ya dawo daga ɗakin karatu. Mutumin da motsi kaɗan ke sa shi zabura, hannunsa zai riga hankalinsa kai wa durowa. Don haka ra'ayina ke nan a fili: a halin da yake ciki yanzu, bai dace bindiga ta shigo gidanku ba.

Amma tsakani da Allah, akwai gaskiya a ɓangarensa, kuma in ba ki ba shi ita ba, ba zai saurari taki ba. Doka ta ba shi dama. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya yi maganar 'yancin riƙe makami, a 2008 Kotun Ƙoli ta ce wannan 'yanci na kowane mutum ne a gidansa, a 2022 kuma ta faɗaɗa shi zuwa ɗaukar bindiga a waje. Texas ta ma wuce nan: tun 1 ga Satumba 2021, mafi yawan waɗanda suka kai shekara 21 suna iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Ba kuma ƙarya ba ne cewa akwai waɗanda bindiga ta kuɓutar. A Disamba 2019 wani ya buɗe wuta a wani coci kusa da Fort Worth, ya kashe mutum biyu, cikin 'yan daƙiƙoƙi wani mai gadin sa-kai na cocin ya harbe shi. Sai dai wannan mai gadin malamin koyar da harbi ne, ya daɗe yana atisaye. Har abin da ya faru a makarantar firamare ta garin Uvalde da ke jiharku a Mayu 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai 2, kowane ɓangare da yadda ya karanta shi. Ke kin ga matashi ɗan shekara 18 da ya sayi muguwar bindiga cikin sauƙi. Shi ya ga jami'an tsaro kusan 400 da suka shafe fiye da awa guda ba su kutsa ajin ba, ya ce to wa zai dogara da su? Duk abin da kuka gani ɗin ya faru.

Addini ma bai hana shi kare kansa ba. Ya tabbata cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa ya yi shahada. Amma Annabi (SAW) da ya faɗi haka, shi ne ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya yanki wani, shi ne kuma ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami. In maigidanki ya kawo maki hadisin farko, ki ce kin yarda da shi, ki roƙe shi ku yi aiki da na biyun tare.

Yanzu ga abin da doka ba ta ba shi ba. Gaskiya ne a Texas ba dole ba ne mutum ya ja da baya kafin ya kare kansa, matuƙar yana inda yake da hurumin zama, ba shi ya tsokano faɗan ba, ba kuma cikin aikata laifi yake ba. Amma sharaɗin shi ne a ce duk mai hankali da ke a matsayinsa zai ga babu makawa sai an yi harbin a wannan lokaci. Zagi ko baƙar magana kaɗai ba hujja ba ce. In kuma ya yi harbi da ganganci ya samu wanda ba ruwansa, dokar kare kai ba za ta rufe shi ba. A garinku aka yi, a Fabrairu 2022: an yi wa wani mutum fashi a wurin na'urar cirar kuɗi, ya bi ɗan fashin da harbi, harsashi ya samu yarinya 'yar shekara 9 a cikin motar iyayenta, ta rasu. Da farko masu tantance ƙara na kotu sun ƙi amincewa a gurfanar da shi, amma a 2024 aka tuhume shi da kisa. Shi ma wanda aka zalunta ne a wannan dare. Kuma ko da mutum ya fita da gaskiyarsa a ƙarshe, tsakanin harbi da wankewa akwai ofishin 'yan sanda, da beli, da kuɗin lauya da zai iya cinye abin da kuka shekara kuna tarawa.

Akwai kuma abin da abokin aikinsa mai yiwuwa bai gaya masa ba, wanda mu dole mu gaya wa juna. Baƙar fata, Musulmi, baƙo mai harshen da ake gane ba ɗan gari ba ne, ba kallo ɗaya ake yi masa da wani ba idan aka gan shi da bindiga a hannu. Philando Castile yana da lasisinsa, a Yuli 2016 ɗan sanda ya tsayar da shi a jihar Minnesota, ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta mai shekara 4. Kotu ta sallami ɗan sandan. Wannan ba dalili ba ne na a ce baƙar fata ya bar haƙƙinsa, akwai ma ƙungiyoyin baƙaƙen fata masu mallakar bindiga, amma wanda zai soke ta a ƙugu ya fita cikin dare ya kamata ya san haka. Ga maganar aiki ma. Kamfanonin ɗaukar fasinja na Uber da Lyft duk sun hana direba ɗaukar bindiga yayin aiki, suna iya rufe masa asusu a kan haka, shaguna da yawa kuma sun hana ma'aikatansu, umarninsu shi ne a miƙa kuɗi a tsira da rai. Ya duba takardar ɗaukarsa aiki tun kafin ya rasa abincinsa. Wata rana da kika ga ya natsu, ki tambaye shi a hankali: a daren nan da bindiga ta riga ta hau kansa, da ya kai hannu ƙugu, me zai faru? Hannu sake ya dawo maki da rai. Abin da ya yi a wannan dare ba ragwanta ba ce, shi ne daidai, kuma ina jin har yau babu wanda ya gaya masa haka. Ke ki gaya masa.

Kada ku manta da ɗan yayarsa. Dokar tarayya ta hana mai bizar karatu ko ta ziyara mallakar bindiga ko harsashi, sai a 'yan yanayi ƙalilan, kamar wanda ke da lasisin farauta. Bindigar da ke a buɗe a gidan da yake kwana tana iya jefa karatunsa da zamansa cikin matsala, don haka kada a kai shi wurin harbi da sunan shaƙatawa sai an tambayi lauyan shige da fice. Kuma ko da wasa kada tausayin mutanen ƙauye ya sa maigidanki tunanin aika makami ko harsashi gida a cikin kaya. Laifi ne babba a ƙasashen biyu.

To me za ki ba shi a madadin "a'a"? Ki ba shi tsari, abu bayan abu. Farko likita, har sai barcinsa ya dawo kuma ke da kanki kin ga zaburar ta lafa. A cikin wannan lokaci ya ci gaba da zuwa wurin koyon harbi in yana so, yawancinsu suna ba da hayar bindiga a yi amfani da ita a can a bar ta a can. A cikin wannan lokaci kuma a gyara abin da ya fi jefa shi a haɗari, wato aikin dare shi kaɗai a shago. Ya nemi a mayar da shi aikin rana, ko shagon da ke rufe ƙofa da dare ana sayarwa ta taga, ko wanda ke da gilashin kariya a gaban kanta. In mai shagon ya ƙi, neman wani aiki ya fi duk wata bindiga tsare shi. A gida ku ƙarfafa ƙofa da sakata mai kyau, ku sa fitilar waje mai kunna kanta, da kyamara, da ƙararrawa. Ɗan ƙaramin feshin barkono da ake riƙewa don kare kai doka ta yarda da shi a jiharku. Ki bar shi ya jagoranci waɗannan gyare-gyare da hannunsa, domin abin da yake bukata shi ne ya ji yana yin wani abu don tsare iyalinsa.

Bayan haka ku yi kwas ɗin lasisin ɗaukar bindiga tare, ke da shi, ko da dokar ba ta wajabta shi ba. Awa 4 zuwa 6 ne a aji, ana koyar da dokar amfani da ƙarfi, da yadda ake kashe husuma, da yadda ake adana makami a gidan da ke da yara. Ki je don ki ji abin da ake gaya masa, ki kuma yi tambayoyinki da bakinki. Na fi son ya ji iyakokin doka daga malamin da yake ganin nasu ne, ya fi shiga kunnensa fiye da daga bakinki ko nawa.

In bayan duk wannan ya natsu kuma yana nan a kan bakansa, to shawara ce da mutane masu hankali ke yankewa ta kowane ɓangare, amma ba ta mutum ɗaya ba ce a gidan da ku shida kuke kwana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce gidan da ya fi aminci ga yaro shi ne wanda babu bindiga, in kuwa akwai, a cire harsashi, a kulle ta, a kulle harsasan a wani wuri dabam. A 2020 bindiga ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar, ta wuce haɗarin mota. Ita kanta dokar Texas, duk da sassaucinta, ta mai da shi laifi mutum ya yi sakaci ya bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai gare ta. Ke nan durowar gefen gado ta fita daga lissafi tun a doka. Akwatin ƙarfe za a fara saya kafin bindiga, a ɗaure shi da bango ko ƙasa. In ya ce kulle zai ɓata masa lokaci, akwai masu buɗewa da zanen yatsa ko lambobi cikin daƙiƙoƙi. Kada ki ɗauka autanki kaɗai ne abin tsoro. Ɗan shekara 13 ya san duk inda ake ɓoye makulli a gidanku, yana da abokai, yana da ranakun ɓacin ransa da ba ya gaya maku. Ku kuma ƙulla alkawari tun kafin a saya: duk ranar da ɗayanku ya ga alamar damuwa a wani ɗan gidan, ko rigima ta yi tsanani tsakaninku, bindiga za ta bar gidan zuwa wurin ajiya ba tare da gardama ba. In kuma har zuwa lokacin zuciyarki ba ta yarda ba, ya mallaki abarsa ya ajiye ta a wajen gida. Ya samu haƙƙinsa, ke ma kin samu naki.

Kin ce bai taɓa ɗaga maki hannu ba, kuma na yarda da ke. Duk da haka sai na faɗa: in har wata rana aka fito da bindiga, ko aka ambace ta, a tsakiyar faɗa, ko kika ji yana cewa rayuwa ta ishe shi, kada ki tsaya rufin asiri. Ki kwashi yara ki fita, ki kira 911 in akwai haɗari a take, ko 988 in maganar cutar da kai ce.

Sai zaɓe. Ki fahimci abin da takardar da ya kawo maki take. Ƙungiyoyi irin su NRA, babbar ƙungiyar masu kare 'yancin mallakar bindiga, suna ba 'yan takara maki daga A zuwa F a kan abu guda ɗaya tak, matsayinsu a kan bindiga. Ƙungiyoyin da ke ɗaya ɓangaren su ma suna fitar da nasu jerin a kan wannan abu guda. Babu wanda ya auna maki matsayin ɗan takara a kan inshorar lafiya, ko makarantar 'ya'yanki da abin da ake koya masu, ko haraji, ko bizar 'yan'uwanku, ko yadda yake kallon Musulmi. Maigidanki yana da 'yancin ya ce shi wannan abu guda ya fi masa komai, miliyoyin mutane haka suke zaɓe, kuma kada ki raina shi a kan haka. Ke ma kina da 'yancin ki ce naki ma'aunin ya fi haka faɗi. Ni ba zan ce maki ga wanda za ki zaɓa ba.

Abin ma bai rabu gida biyu kamar yadda bidiyon ke nunawa ba. Sanata John Cornyn na jiharku ɗan jam'iyyar Republican ne da ya daɗe yana samun babban maki daga NRA, amma bayan Uvalde shi ne ya jagoranci 'yan jam'iyyarsa wajen tsara dokar Yuni 2022 da ta tsaurara binciken masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, har aka yi masa ihu a taron jam'iyyarsa a garinku Houston. Yawancin 'yan takarar da ake ce wa masu taƙaita bindiga kuma, abin da suke nema shi ne binciken mai saye, da ɗaga shekarun saye, da tilasta kullewa, ba ƙwace ƙaramar bindigar da mutum ya ajiye a gidansa ba, wadda Kotun Ƙoli ta riga ta ce haƙƙinsa ce. Wani abin kuma, takardar zaɓenku doguwa ce. A Texas ana zaɓen shugaban 'yan sandan gunduma, da babban mai gabatar da ƙara, da alƙalai, kuma su ne ke da hannu kai tsaye a kan ko za a kama irin samarin da suka shiga shagonsa a hukunta su. Tun 2020 aka soke danna jam'iyya ɗaya ta kwashe duka, kowace kujera sai an zaɓe ta dabam. Ki sauko da samfurin takardar daga shafin intanet na gundumarku, ku zauna bayan sallar isha'i ku bi ta suna bayan suna. Ki saurari dalilinsa har ƙarshe, ki faɗi naki. Za ku iya haɗuwa a wasu kujeru, ku rabu a wasu.

Na san abin da ke ƙasan zuciyarsa idan ya tuna gida. Ya ji lokacin da Gwamna Masari na Katsina a 2021, da Gwamna Matawalle na Zamfara a 2022, suka ce wa jama'a su nemi makami su kare kansu, ya san yadda mutum ke ji idan hukuma ta furta da bakinta cewa ta gaza. Amma ƙuri'ar da za ki kaɗa a Houston ba za ta tsare ƙauyensu ba, kuma ƙin bin jerinsa ba juya wa ƙaninsa baya ba ne. Wannan ki faɗa masa da taushi, ba a ranar da kuke gardama ba.

Ki tabbatar kin yi rajista, domin a Texas ana rufe ta kwana 30 kafin ranar zaɓe, kuma samun takardar zama 'yar ƙasa ba lalle ne ya sa sunanki ya shiga ba. Ki tafi da katin shaidarki mai hoto. A gaban na'urar zaɓe ke kaɗai ce, an kuma hana amfani da waya a ɗakin, saboda haka babu hoton da wani zai ce ki nuna masa. In kun dawo gida ya tambaye ki wa kika zaɓa, kada ki yi masa ƙarya, kada kuma ki ji dole sai kin lissafa masa. Ki ce kin duba Allah, kin duba shi da yaranku, kin zaɓi abin da kika ga ya fi, kamar yadda kika san shi ma ya yi. Amma kafin ranar ta zo, cikin makon nan, ki nemo lambar rahoton 'yan sandan nan ki kama masa layin ganin likita. Allah ya ba shi lafiya, ya zaunar da ku lafiya.